Amsa ga mai son kai daskararrun samfura wani asibiti ba tare da busasshiyar ƙanƙara ba

Ɗan'uwa, wallahi ina karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don kamar ni ce na rubuta ta shekarun baya. Ka ce kana da ruwan jini a daskare, za ka kai wani asibiti mai tafiyar awa shida, busasshiyar ƙanƙara (dry ice, wato daskararriyar iskar carbon dioxide) ba ta samuwa, kuma kana tunanin ka saka fakitin jel (ledar nan mai ruwa mai kauri da ake daskararwa don riƙe sanyi) a firiza mai sanyin digiri -80 na Celsius ya kwana, ka cika kula da shi. Don Allah ka dakata. Abin da na yi ke nan, kuma har yau ban huce ba.

Nawa filasma ce, wato ruwan jini da aka cire wa ƙwayoyinsa, ta gwajin daskarewar jini, kwalabe 40 da 'yan kai, na marasa lafiyar da muka sha wahala kafin mu tara. Wasunsu yara ne masu ciwon zubar jini, kowa a nan ya san yadda ake fama kafin a samu jijiyarsu. Na faɗa wa shugaban sashenmu na lokacin cewa hankalina bai kwanta da jel ba, ya ce shekara nawa yana aikin nan kafin in gama makaranta. Na yi shiru. Na shirya kula, na danna fakiti ta ko'ina, na naɗe da salatif. Direban da aka ba shi kuma sai ya biya wani aike nasa, ya bar kular a bayan mota cikin rana. Tafiyar awa biyar ta koma tara. Da dare wata abokiyar aiki daga can ta kira ni, ta ce, "Yaya, kin ce daskararru kika aiko? To ga su nan suna reto a cikin kwalba." Na zauna a ƙasa a wurin. Washegari mutumin nan da ya hana ni magana shi ne ya tsaya gaban kowa yana tambayar wa ya shirya kayan. Ko kallona bai yi ba. Ni ce na bi iyaye ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri su dawo da yara a sake huda su, wata uwa ta ce min ba za ta dawo ba, kuma ba ta dawo ɗin ba. Shi ko kalmar haƙuri ɗaya ban ji daga bakinsa ba har ya bar wurin. Allah dai ya isa, kawai.

To abin da na fahimta daga baya shi ne, jel ruwa ne. Ko ka kai shi -80, sanyin nan mai tsanani da sauri yake zubewa, sai ya haura ya tsaya a wajen sifili, a nan yake daɗewa yana narkewa. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shan zafi kusan kilojul (ma'aunin yawan zafi) 334 wajen narkewa, amma daga -80 zuwa -20 abin da yake sha bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. Wato ƙarfinsa na gaske a sifili yake, ita kuwa filasma tun kafin sifili ta fara saki, musamman ɗan rabin mililita a ƙaramar kwalba. Ka taɓa fakitin ka ji shi da tauri ka ce lafiya lau, alhali samfurinka ya riga ya tafi. Factor V da Factor VIII, sinadaran da ke sa jini ya daskare, ba sa yafe irin wannan. Ita busasshiyar ƙanƙara a -78.5 take tsayawa har ta ƙare, shi ya sa take aiki.

Idan -20 ya ishe gwajinka, nemi farantan PCM na -21, wato farantan roba masu wani ruwa na musamman a ciki da ake daskararwa. Su a can suke narkewa, don haka a can suke riƙe kular. Amma ga tarkon da na ga mutane da yawa sun faɗa: ba sa daskarewa a firizar -20. Sai ka sa su a -30 ko ƙasa da haka, su yi kwana ɗaya zuwa biyu, ka girgiza ka ji babu motsin ruwa. Na taɓa haɗa na gida da na rasa yadda zan yi, giram 300 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, shi ma a wajen -21 yake daskarewa. Ya yi min aiki a gajeriyar tafiya, amma kar ka cika robar taf, kuma kar ka fara da samfurin mutane. Ka yi gwaji da kwalaben ruwa, ka sa na'urar da ke rubuta sanyi a tsakiyarsu, ka bar kular ta yi ninkin awannin tafiyar. Direba zai tsaya, ka sa wannan a ranka tun yanzu.

Af, kular ma ka sanyaya cikinta tukuna. Kuma ka toshe duk wani fili, iska a ciki asara ce.

Akwai ƙaramar firiza mai jonawa da lantarkin mota, volt 12, tana kai -20, akwai ma masu wani irin injin sanyaya da ake kira Stirling da ke kai -80. Idan asibitinku zai saya, shi ne kwanciyar hankali, sai dai ranar da aka kashe mota aka tafi cin abinci ka shiga uku, don haka ko a cikinta ina sa faranti. Idan kuwa abin RNA ne (wani sinadarin gado mai saurin lalacewa) ko ƙwayoyin halitta masu rai, manta da duk wannan, ka nemi aron tulun nan mai tsotse ruwan naitirojin a bangonsa. Yana riƙe ƙasa da -150 na kwanaki, ba ya zuba, amma a tsaye ake ɗaukarsa, in aka kwantar da shi kwanakinsa raguwa suke yi.

Kafin komai ma, ka kira ɗakin gwajin da za su karɓa. Ni da na yi haka da farko da ban tozarta ba. Gwaje-gwaje da yawa na sinadaran jini da na garkuwar jiki suna jure digiri 2 zuwa 8, wato sanyin firij, na kwana ɗaya ko biyu, ba sai an daskarar ba. Kwalbar ɗibar jini ta musamman mai suna PAXgene tana riƙe RNA kwana uku a zafin ɗaki. Na yawan ƙwayar HIV akwai busasshen ɗigon jini a kati. Amma tunda naka sun riga sun daskare, kar ka narkar da su da kanka ka ce za ka kai a sanyi, sai sun amince a rubuce. A rubuce fa, ba a waya ba. Ni a baki aka ba ni umarni, da abu ya lalace kowa ya zame.

Kuma daga yau ka raba kowane sabon samfuri gida biyu kafin ka daskarar da shi, ɗaya ya tafi ɗaya ya zauna. Da ina da na ajiya da ban je ina roƙon uwar yaron nan ba. Kar ka ajiye su a firizar da ke narkar da ƙanƙararta da kanta, tana ɗumama su a ɓoye kullum.

Shiri kuma ka san shi, rufi uku (kwalba, leda, akwatin waje), da abin tsotse ruwa tsakanin kwalba da leda, alamar UN3373 (mai nuna samfurin jikin ɗan Adam ne a ciki) a waje, takardu a wata leda daban kada su jiƙe. Wata dabara da wata tsohuwar ma'aikaciya ta koya min: ka daskarar da kwalabe a tsaye, sannan ka jera ɗaya ko biyu a kife a cikin kula. In sun isa aka ga filasmar ta gangaro murfi, an san ta narke a hanya ko da ta sake daskarewa. Ka ce wa mai karɓa ya duba wannan, ya rubuta lokaci da sanyin da ya gani, ya sa hannu direba yana tsaye.

Faɗa mana gwajin da za a yi musu da irin firizar da kuke da ita, in gaya maka faranti nawa nake sawa a kula mai girman taka.