Bidiyon bikin da na ɗauka ya ƙi buɗewa, wai bairos ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ɗaukar bidiyon biki da saukar karatu a ƙauyukan Ringim. Makon jiya na ɗauki biki a 4K, wato bidiyo mai tsananin fitowa tas, da sabon katin memori mai 128GB da na saya da araha. Sau biyu kyamarar tana tsayawa da kanta, yanzu kuma fiye da rabin bidiyon ya ƙi buɗewa. Mai gyaran waya ya ce bairos ne, sai an yi fomatin. Dangin amarya sun taso ni a gaba, ko barci ba na yi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tun kafin ka gama karanta wannan, zare katin, ka tura ɗan makullin gefensa ƙasa don ya hana rubuta komai a kansa. Kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa, kada kuma ka yarda a yi masa fomatin.

Wannan magana ta bairos ta ishe ni. Duk abin da ya gagari mai gyara, sai ya ɗora wa bairos, ya goge kati, ya karɓi kuɗi, aikin mutane ya bi ruwa. Alamomin da ka lissafa na jabun kati ne. Masu haɗa shi sukan ɗauki ƙaramin kati, a ce mai 16GB, su sauya bayanin da ke cikinsa ya riƙa gaya wa kyamara cewa 128GB ne, su manna masa sunan babban kamfani. Kyamara ba ta da hanyar ganewa. Idan ainihin wurin ya cika, sai sabon ɗauka ya hau kan tsoho ko ya zube a banza, amma sunayen fayilolin na nan reras kamar lafiya lau. Yi lissafi da kanka: 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa yana cin kusan 45GB a awa ɗaya. Kati mai 16GB zai cika cikin minti 21, ko kamun amarya ba a gama ba.

Tsayawar kyamara kuwa rashin saurin rubutu ne. Babbar lambar nan da ake bugawa a fuskar kati, irin 170MB/s, saurin karantawa ce, ba ita ta dame ka ba. Nemi alamar V30 ko U3, ma'ana katin ba zai gaza rubuta megabait 30 a daƙiƙa ba. Kati mai alamar Class 10 kaɗai megabait 10 ya lamunce, alhali ɗauka a kan megabit 100 ɗin nan na buƙatar megabait 12.5 a daƙiƙa. To amma mai jabu ma yana buga V30, don haka alama ba ta isa shaida ba. Gwaji shi ne shaida: kowane sabon kati, sa shi a kwamfuta ka bi shi da manhajar H2testw. Kyauta ce, za ta cika shi da bayanai ta karanto, ta faɗa maka ainihin girmansa. Kada ka gwada ta a kan wannan katin yanzu, rubutu take yi.

Maganar ceto, zan faɗa maka gaskiya. Sa katin a kwamfuta, ka bi shi da manhajar PhotoRec mai tsamo fayilolin da suka ɓace, ka ajiye abin da ta tsamo a kan kwamfutar, ba a kan katin ba. Abin da ya shiga ainihin wurin yana iya dawowa. Wanda ya zube a banza ko aka hau kansa, babu shi a katin, duk wanda ya ce zai dawo maka da shi kuɗinka yake so. Fayil ɗin da ɗauka ta yanke a tsakiyarsa, ko batir ya mutu kafin a rufe shi, wani lokaci manhajar Untrunc tana gyara shi, idan ka ba ta lafiyayyen fayil daga kyamarar.

Ka je da ƙafarka wurin uban amarya, ka yi masa bayani tun bai ji a bakin wani ba. Sannan ka bi ƙawayen amarya da abokan ango ka tattaro abin da suka ɗauka a waya, ta kebul ko Xender, domin WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau. Nan gaba ka riƙe kati 64GB guda biyu da ka gwada, a cikin kyamara za ka yi musu fomatin ba a waya ba, kuma ka kwafe aikin wuri biyu a daren da ka dawo.