Kafin ka jona wayar tarho

Jiya kana kwance murfin kwamfutar Alhaji ka tambaye ni: tunda shi kaɗai ke taɓa ta, kuma rabin awa kawai yake yi a intanet ta layin tarho bayan isha'i, me zai sa mu wahalar da kanmu wajen tsare ta? Jawo benci, ɗana.

Tsutsar Blaster, muguwar manhajar nan mai yaɗa kanta da ta ɓarke a Agustan 2003, ba ta san Alhaji ba, ba kuma shi take nema ba. Lambobin adireshin kwamfutoci a intanet take bi barkatai, tana ƙwanƙwasa ƙofa ta 135, ɗaya daga cikin hanyoyin da saƙo ke shiga kwamfuta, a kowace Windows XP ko 2000, inda ta samu a buɗe ta faɗa. Ba sai ka buɗe wasiƙa ba, ba sai ka danna komai ba. Don haka sauya adireshin da yake samu duk sanda ya buga layi ba kariya ba ce, kuma rabin awa ya ishe ta har da rara. Ka tuna injinan da aka riƙa kawo mana suna ƙirga daƙiƙa 60 su mutu da kansu? Aikinta ne. Abin da ke ci mini rai, tun a Yuli Microsoft ta fitar da facin ramin, mutane ne ba su sa ba. Sasser ta 2004 ma haka ta yi, ta ƙofa ta 445.

To ga yadda nake so ka riƙa yi. Kada wayar tarho ta shiga modem, na'urar da ke buga layi, sai ka kunna fayawol, wato mai gadin ƙofofin nan. Ka sa Service Pack 2, kunshin gyare-gyaren Windows XP, daga faifan da ke cikin durowata, shi zai kunna ta da kansa. Kada ka ce za ka sauke shi ta layin Alhaji. Ya haura megabait 260, a modem mai 56k sai ya ci fiye da awa 10, ƙofa kuma tana buɗe duk tsawon lokacin. Ka kashe raba fayil da firinta, ba shi da wanda zai raba wa.

Sai cutar da masu layin tarho kaɗai ke fama da ita: ƙaramar manhajar da ke laɓewa ta sauya lambar da modem ke bugawa zuwa wata ta ƙasar waje mai tsadar gaske. Mai gida ba zai sani ba sai takardar kuɗin waya ta zo. Shi ya sa ba na rufe wa modem murya. Wanda ya saba da kukan lambarsa, ranar da ta yi tsawo zai ji. Ka buɗe saitin ka nuna masa lambar da idonsa.

Rigakafin bairos dole ne, amma wanda ba a sabuntawa ado ne kawai. Ka koya masa yi duk Juma'a. Ka kwafe masa takardunsa a faifai. In ya gama, ya zare wayar daga bango, musamman da damina, don tsawa ɗaya ta isa ta ƙone modem ɗin.

Miƙo mini faifan nan mu fara.