Kafin ka ci bashin sabuwar kwamfuta, a hannun wa fayilolinka suke?

Wani matashi mai shagon buga riguna, huluna, kofuna da jakunkunan rabon biki a Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce kafin ya buga kowane aiki sai ya tura wa mai kaya hoton gwaji, wato hoton da ke nuna yadda zanen zai zauna a jikin riga ko kofi, wanda masu sana'ar ke kira mokof. A mako suna yin irin wannan hoto kusan arba'in, kowanne yana cin minti goma sha biyar ko fiye, kuma ɗan yayarsa ne ke yin su a laftof ɗinsa na kansa. A watan jiya sun buga riguna 200 da tsohon zane mai ɗauke da lambar wayar da mai kayan ya riga ya ce a canza, sai da suka sake bugawa daga aljihunsu. Yanzu yana so ya ci bashin naira dubu 900 ya sayi kwamfuta mai ƙarfi domin aiki ya yi sauri, kuma domin ya fara sayar da hotunan gwaji a intanet ana biyansa da dala, kamar yadda ya ji ana faɗa a YouTube.

Ɗan'uwana, kada ka ci wannan bashin yanzu. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ka yi a taƙaice kamar ba ta da muhimmanci, cewa duk zanen shagonka yana cikin laftof ɗin ɗan yayarka. Rigunan nan 200 ba rashin ƙarfin na'ura ne ya lalata su ba. Akwai zane biyu ko uku masu kama da juna a wuri ɗaya, babu abin da ke nuna wanda mai kaya ya amince da shi, sai aka ɗauki wanda hannu ya fara kaiwa gare shi. Idan kowace riga da bugunta ta tsaya maka a kan naira dubu huɗu, ka yi asarar dubu 800 a rana ɗaya, kusan daidai da bashin da kake shirin ɗauka, kuma sabuwar kwamfuta za ta buɗe maka fayil ɗin da ba daidai ba kamar yadda tsohuwar ta buɗe.

Jarin mai irin sana'arka kashi biyu ne. Akwai injin bugu da rigunan da ke cikin shago, waɗanda kowa yana ganinsu yana lissafa su, akwai kuma tambarin kowace makaranta, ƙungiya da kamfani da ka taɓa yi wa aiki, tare da launinsu da girmansu da irin rubutunsu. Wannan kashi na biyu shi ke sa mai kaya ya dawo wurinka baɗi ya ce a buga masa irin na bara, ka gama cikin awa ɗaya. Kai kuwa ka bar shi a na'urar da ba taka ba, mai kalmar sirrin da wataƙila ba ka sani ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na san wani mai shagon bugu a Kano da ya shekara huɗu yana yi wa makarantu masu zaman kansu bajo da rigunan wasanni. Ƙanin matarsa ne ke masa zane, yaro mai hazaƙa da ladabi, kuma babu wata rigima da ta taɓa shiga tsakaninsu. Da yaron ya tafi hidimar ƙasa ya tafi da laftof ɗinsa, wanda dama nasa ne, a can kuma aka sace shi. Da sabon zangon karatu ya zo, wata makaranta ta aiko a buga mata riguna irin na bara. Na tarar da mai shagon zaune da tsohuwar riga a kan cinyarsa, yana ɗaukar hoton bajon da waya yana ƙoƙarin sake zana shi, amma koren da ya fito bai yi daidai da na rigunan da ɗalibai ke sanye da su ba, kuma harafin sunan makarantar ya ɗan fi na da kauri. Shugabar makarantar ta karɓi kayan ta biya, daga nan ba ta sake dawowa ba, makarantu biyu na ƙawayenta kuma suka bi ta. Babu wanda ya ci amanarsa, ya dai ajiye dukiyarsa a wurin da ba shi da iko a kansa.

Saboda haka aikinka na farko a wannan makon shi ne ka zauna da ɗan yayarka cikin mutunci, ka gaya masa cewa daga yau duk zanen da aka yi wa masu kayan shagon mallakar shago ne. Ka buɗe adireshin imel da sunan shagon, lambar wayarka ce za ta zama ta dawo da kalmar sirri idan an manta. Google yana ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, wanda imel da hotuna da Drive, ma'ajiyar fayiloli ta Google a intanet, ke rabawa tsakaninsu, kuma ya isa ajiye tambura da zanen da aka amince da su, ko da yake manyan fayilolin Photoshop, manhajar gyaran hoto da zane, za su cika shi da wuri. Su waɗannan ka sayi faifan ajiya na waje, a riƙa kwafe su a kai duk ranar Alhamis kafin a tashi, kuma faifan ya kwana a gidanka. Masu ɗaukar hoto na sana'a suna da ƙa'idar kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, kuma duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a shekarar 2016 ya san dalilin da ya sa kwafi na uku ba zai kwana a shago ba. Idan yaron ba ya kan albashi ko kaso tsayayye, ka tsayar masa, domin ba daidai ba ne ka nemi ya miƙa maka aikinsa alhali kana sallamarsa da abin da ya sawwaƙa kawai.

Sai tsarin ajiyar kansa, kuma a nan nake so ka fi mayar da hankali. Ka buɗe babbar folda ɗaya ta shago. A cikinta a sami foldar iyayen samfuri, wato hoton farar riga, baƙar riga, hula, kofi da jaka waɗanda babu zanen kowa a kansu, kuma doka ce ba a yin aiki a kan uwa, sai a kan kwafinta. Sannan kowane mai kaya ya sami foldarsa, kowane aiki nasa kuma ya sami lamba. Lambar da ke kan foldar ita ce za ta kasance a kan rasit da cikin littafin shago, ta yadda idan mutum ya shigo da rasit ɗin bara, cikin minti ɗaya ka kai ga zanensa. A cikin kowane aiki a raba wurin abin da mai kaya ya kawo, wurin zanen da ake kan gyarawa, wurin hotunan gwajin da aka tura masa, da wurin wanda aka amince a buga. Wannan na ƙarshe ba ya ɗaukar fayil fiye da ɗaya, kuma kai da kanka ne kake saka shi, tare da hoton saƙon da mai kaya ya rubuta cewa ya amince. Mai bugu ba ya ɗaukar komai sai daga nan. Da wannan dokar ita kaɗai tana aiki a shagonka, da rigunan nan 200 ba su lalace ba.

Sunan fayil ma ba abin rainawa ba ne. Na sha ganin kwamfutocin da ke cike da "sabo", "sabo na biyu", "na ƙarshe", "na ƙarshe gyararre", wanda ko wanda ya rubuta su ba zai iya bambance su bayan sati biyu ba. Ka fara kowane suna da kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana, misali 2025-03-14, domin ta haka ne kwamfuta ke jera su daga na farko zuwa na baya ba tare da ka taɓa ba. Bayan kwanan wata sai lambar aiki, irin kayan, da lambar gyara, 01, 02, 03, da sifili a gaba don kada na 10 ya tsallako gaban na 2 a wasu manhajojin. Idan mai kaya ya ce a canza lambar waya, ba a goge na 02 a rubuta a kansa, ana ajiye sabon a matsayin na 03, kuma a rubuta wannan lambar a kusurwar hoton gwajin da za a tura masa, ta yadda idan ya ce ya amince, kowa ya san da wanne ya amince.

Sai bayan an yi wannan ne maganar sauri take da ma'ana, domin kwamfuta ba ta iya yi maka aiki a dunƙule sai a kan fayilolin da aka jera. Ina da yaƙinin cewa a cikin minti goma sha biyar ɗin da ka ambata, fiye da rabi yana tafiya ne wajen neman tambari a cikin WhatsApp, neman hoton rigar da aka yi amfani da shi wancan karon, da sake daidaita zane a ƙirjin riga da hannu. Photoshop yana da abin da ya kira Smart Object tun shekarar 2005, wani gurbi ne da ake shirya shi sau ɗaya a jikin hoton riga, da lanƙwasarsa da inuwarsa, daga nan duk zanen da aka zuba a ciki sai ya hau rigar da kansa. Tun 2014 kuma ana iya ɗaure wannan gurbi da fayil ɗin zane da ke waje, ta yadda idan aka gyara zanen sau ɗaya, gyaran zai bi riga da hula da kofi duk inda aka ɗaure shi. Wannan ɗaurin yana tsinkewa da zarar an canza wa fayil suna ko wuri, abin da ke ƙara nuna maka dalilin da ya sa tsari yake gaba da komai. Idan ba ku da halin biyan kuɗin Photoshop, wani shafi mai suna Photopea yana buɗe irin waɗannan fayiloli a intanet kyauta, kuma yana aiki da wannan gurbi.

Akwai kuma Actions a cikin Photoshop, wanda ke naɗar matakan da ka bi a kan hoto ɗaya, kamar rage girmansa, ɗora sunan shago a kansa da ajiye shi a sigar da za a tura ta waya, sannan umarnin Batch ya maimaita waɗannan matakai a kan duk hotunan da ke cikin folda. Ka yi hattara a nan: idan ba ka nuna masa wata foldar daban da zai zuba sakamakon ba, ka zaɓi ya ajiye ya rufe, zai danne hotunanka na asali da ƙananan. Ka fara gwadawa da kwafin hotuna uku kafin ka sake shi a kan arba'in. Kuma ku daina yin hoton gwaji ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da waya ta yi ƙara. Ku tara buƙatun safiya, a yi su gaba ɗaya a zama ɗaya, musamman lokacin da akwai wuta, a tura su kafin la'asar. Hotuna arba'in a kan minti goma sha biyar awa goma ke nan a mako. Idan iyayen samfuri suna shirye, minti uku ko huɗu ya ishi kowanne, ka dawo ƙasa da awa uku, ba ka kashe ko kwabo ba.

Abu biyu da ke jawo rigima da masu kaya: WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi a matsayin hoto, don haka ka roƙi mai kaya ya turo tambarinsa a matsayin fayil, wato ta zaɓin Document na WhatsApp, kuma kada a taɓa bugawa daga hoton gwaji, domin an rage shi ne don kallo a waya. Na biyu, launin da allon waya ke nunawa da haske yake yinsa, na injin bugu kuwa da tawada, ba sa zama ɗaya sak. Ka rubuta wannan a ƙasan kowane hoton gwaji.

Maganar dala kuwa, ka ajiye ta. Yawancin iyayen samfurin da yara ke saukewa kyauta a intanet suna da sharaɗin cewa ba a sake sayar da su, kuma kasuwar da kake hange cike take da kamfanoni masu dubban samfura da ɗakunan ɗaukar hoto na musamman. Mutumin da bai iya gano zanen da ya yi watan jiya ba bai shirya hulɗa da mai saye a wata ƙasa ba, wanda zai nemi a mayar masa da kuɗinsa kan kuskure ɗaya. Abin da zai amfane ka a kusa shi ne ka ɗauki hoton ainihin rigunan da kake saya, da hulunan da kofunan, da safe a inuwa mai haske, a kan farin ƙyalle, ka mayar da su iyayen samfurinka. Mai kaya zai ga irin wuyan rigar da irin yadin da zai karɓa, maimakon hoton wata riga ta ƙasar waje da ba ka da irinta.

Ka ba wannan tsari wata uku, kana rubuta a littafi yawan hotunan da aka yi kowace rana da lokacin da suka ci. Idan bayan haka laftof ɗin yana tsayawa duk lokacin da aka buɗe babban fayil, ka kai shi wurin mai gyara a duba ko ƙara masa ƙwaƙwalwar aiki da canza masa faifai zuwa irin na zamani mai sauri zai wadatar, wanda kuɗinsa bai kusanci dubu 900 ba. Idan kuma dole sai an sayi kwamfuta, to a saye ta daga ribar shago, rasit ɗin ya fito da sunan shago, kuma ta kwana a inda kai ne ke riƙe da makulli.