Amsa ga ɗana mai tambayar wace shekara ta fi tsanani, ta rana ko ta ruwa

Salamu alaikum jama'ar gida. Ɗana da ka yi tambaya daren jiya, kace iyayenmu da suka ga jiya suka ga yau su faɗa mana ko zafin nan da ambaliyar nan an taɓa yin irinsu a da ko a kanmu aka fara, kuma wace shekara ce ta fi kowace muni a ƙasar nan tamu. Na karanta amsoshin mutane, wani yace 2022 wani yace 2024, wani ma ya kawo maganar tafkin Nyos na 1986, to wannan Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu amma ba ruwan sama bane ba guguwa bace, iska ce mai kisa ta taso daga ƙarƙashin tafki, babinta daban. Ni bari in faɗi abinda idona ya gani. A Kusiri ta arewacin Kamaru, tsallaken kogi da Njamena, aka haife ni 1963, sana'ata bandar kifi, tun ina saurayi nake bin hanyar Bulangwa da Darak, can wajen tafkin Chadi, ina kawowa Kusiri da Marwa, saboda haka rayuwata kaf a bakin ruwa na yi ta.

In ka tambaye ni ɗaya tak, 1984 ce. Wallahi ba ta da na biyu a wurina, kuma na faɗi haka ne alhali ruwa ya ci min gida a 2022.

Amma sai na fara daga baya kaɗan kafin ka gane. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa kullum maganarsa ruwan 1961, lokacin ana ce wa Njamena Fort-Lamy, Kusiri kuma Fort-Foureau, yana cewa a shekarar kogunan Shari da Logon sun cika har wanda ke wannan gaɓa ba ya iya cewa ga inda kogi ya tsaya ga inda daji ya fara. Akwai wata tsamiya da yake nuna mana jikinta yace nan ruwa ya kawo, mu kuma muna yara muna kallon ƙasa busassa ta tsattsage muna ɗauka tsufa ne ke sa shi ƙari. A wancan zamanin tafkin Chadi faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita dubu 25, teku ne sosai, masunta na kwana da kwanaki a cikinsa ba su ga tudu ba.

Sai farin 1972 da 1973 ya zo, ina da shekara goma. Abinda ya zauna min a rai shi ne wari, warin mushen shanu a bayan gari, da Larabawa Shuwa da Fulani suna koro abinda ya rage musu kasuwa, saniya ƙashi da fata ana tayawa kuɗin tunkiya mai ita yana share hawaye da bakin rawani. A 1973 ɗin ne tafkin ya rabe biyu, kwarin arewa daban na kudu daban, tudu ya fito a tsakiya. Kakarmu ta wajen uwa, ita mutuniyar ƙasar Kano ce asalinta, tana cewa ku gode Allah wannan ba komai bace in an tuna Kakalaba, wato yunwar 1913 zuwa 1914 da iyayenta suka ba ta labari, wadda ta watsa garuruwa a ƙasar Hausa. Kaga kenan kowane tsoho da tasa shekarar da yake auna sauran da ita.

To 1984 kuwa abubuwa uku ne suka haɗu mana. Annobar bushiya ta riga ta shiga shanu tun 1983 ta karkashe su, ga mutanen Chadi da yaƙi ya koro mana tun 1980 wasu ba su gama komawa ba, sannan damina ta ƙi. An yi shuka ta tsiro ta ƙone, aka sake ta sake ƙonewa, wasu sau uku har iri ya ƙare a hannu. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin daga gabas kowa ya fito da tukwane da bokiti, sai iska ta taso ta watsa shi, ƙura kawai za ta zubo mana. An fita roƙon ruwa ban san sau nawa ba, an juya riguna, yara da tsofaffi har da dabbobi. Kuma abin da ya fi kashe mu nan ƙasar Logon shi ne kogi bai yi ambaliyar da ya saba ba, don ku yaran yanzu da kun ji ambaliya sai ku ce musiba, alhali akwai wadda ita ce abincinmu, ruwa ya fita ya kwanta a fadama kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, in ya janye a dasa masakwa, wato dawar rani, a laka, makiyaya su samu ɗanyar ciyawa har rani. Shekarar babu ko ɗaya. Ba kifi ba masakwa ba ciyawa. Da rani ya yi nisa a 1985 na tsallaka Logon da ƙafata, kaya a kai, ruwa bai wuce gwiwa ba, wurin da a da sai da kwalekwale. A shekarar ce ma kogin Kwara ya tsaya da gudu a Yamai, ka ji fa, Kwara guda.

Na ga mata suna tona gidan tururuwa suna kwashe ɗan hatsin da ta tara. Na ga ana sussuke ƙarangiya ana daka ta. 'Ya'yan anza ana jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita kafin a dafa. Jar dawar taimako da aka kawo daga waje tuwonta ba ya ɗaurewa amma layinta tun asuba. Mutanen Nijar da muke haɗuwa da su a tafki suna ce wa yunwar El Buhari, saboda ta faɗo daidai lokacin da aka rufe iyakar Najeriya hatsi ya daina shigar musu. Akwai wata baiwar Allah da ta zo ƙofar gidanmu da yara biyu daga wajen Kanem, mahaifiyarmu ta ba ta kunun da ya rage, ta shayar da yaran ita ba ta kai bakinta ba, da safe muka nemi inda ta kwana ba mu gan ta ba. Shekara arba'in kenan ban daina tuna fuskarta ba. Shi ya sa nace maka 1984. Ruwa in ya ci gidanka maƙwabcinka na tudu yana da abin ba ka, fari kuwa kowa hannu rabbana, wanda za ka roƙa shi ma roƙo ya fita.

Tafkin a shekarun nan ya koma bai fi kashi ɗaya cikin goma na yadda yake ba. Inda ake jefa taru ya zama gona, mutane suka bi ruwa suna kafa bukkoki a cikin kwarin tafki suna noman masara da wake, Darak ɗin nan da kuke ji haka ta cika da mutane, har rigimar ta wa ce tsakanin Najeriya da Kamaru ta kai kotun duniya aka yanke a 2002 cewa ta Kamaru ce.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Shekara kusan talatin ruwa bai dawo inda mahaifinmu ya nuna mana ba, sai muka manta. Garuruwa suka cika, Kusiri ta faɗaɗa Njamena ta faɗaɗa, fili a tudu ya yi tsada, sai aka shiga yanka filaye a kwari, wuraren da tsofaffi suka san makwancin ruwa ne. Ni kaina na saya, cikin shekarun 1990, na gina ɗaki huɗu na jar ƙasa na zuba iyali. Wani dattijo Kotoko ya tsaya yana kallon masu aikin yace min Alhaji a nan muke kama tarwaɗa muna yara, ruwa ba ya manta gidansa. Na ji maganar amma kuɗina iya nan suka kai.

2012 ta fara yi mana gargaɗi. Ƙanwata na aure a Garwa, cikin watan takwas zuwa na tara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Lagdo ta cika aka buɗe ƙofofi, Binuwai ta hau unguwannin bakin kogi, ta gangara ta ci Yola da Makurɗi da Lokoja. A nan wajenmu kuma hankali duk yana kan dig ɗin Maga, wato katangar ƙasar da ke tare ruwa, kar ya fashe, har shugaban ƙasa Paul Biya ya zo Garwa da Girbidik da kansa. Mu a Kusiri ruwa ya zo ya leƙa ya koma, muka ce Alhamdulillahi muka cigaba da zama.

2022 bai koma ba. Kuma abin da baƙo ba ya ganewa, ranar da ruwa ya shigo gidana sama tas take ko gajimare babu, damina ta riga ta ɗauke. Ruwanmu ba daga samanmu yake zuwa ba, wanda aka yi a Afirka ta Tsakiya da tuddan Adamawa da kudancin Chadi ne yake tahowa a hankali ta Sarh ta Mundu ta Bongor, sai watan goma zuwa sha ɗaya yake iso mana, Shari da Logon su haɗu a nan gabanmu kowanne a cike. Kwana da kwanaki muna cika buhuna da ƙasa, matasan unguwa ba barci, a toshe nan ya ɓullo can, ƙarshe ta ƙarƙashin ƙasa ma ya riƙa tsattsafowa a tsakar gida. Ginin ƙasa kuwa ba faɗuwa yake farat ɗaya ba, gindinsa ke jiƙa ya narke sai kaji ya zauna. Ɗaki uku suka tafi, buhunan banda goma sha ɗaya da na ajiye ina jiran kasuwa suka ruɓe. Mun fita da yara a kwalekwale ta kan hanyar da nake bi da mashin. A hayi unguwar Waliya ta Njamena ta nutse, gwamnatin Chadi ta kafa dokar ta-ɓaci a watan goma, mutum sama da miliyan ɗaya abin ya shafa a ƙasar, ma'aunin Shari a Njamena ya haura mita 8, aka ce rabon da a ga haka tun 1961. Da na ji an ambaci 1961 a rediyo sai da na yi wa mahaifina addu'a, ashe ba ƙari yake ba.

Ba mu gama farfaɗowa ba 2024 ta zo ta fi ta. A Chadi kaɗai mutum sama da 500 suka rasu, kusan miliyan biyu abin ya taɓa, har Tibesti cikin sahara inda ake shekara ba a ga ruwan kirki ba ruwa ya kashe mutane a watan takwas. Gada ta karye a Yagwa. Madatsar Alau ta ɓalle ta shiga Maiduguri ran 10 ga watan tara, shekara talatin cif bayan ta 1994. To a nan ne nake ganin akwai abin da ya sauya, don a da tsakanin babban ruwa da babban ruwa mutum na iya aurar da ɗan da aka haifa, yanzu shekara biyu.

Maganar zafi kuma da ka tambaya, naga wani ya turo hoton allon motarsa ya nuna digiri 53 yace mun karya tarihin duniya. A'a ɗana. Motar da ta wuni a rana ƙarfenta take aunawa. Masu meteyo, wato ma'aikatan awon yanayi, a inuwa suke aunawa, cikin wani farin akwati mai huji-huji da aka ɗaga daga ƙasa. A irin wannan awon Faya ta arewacin Chadi ta kai 47.6 a watan shida na 2010, ta zo ta kai 48 a watan biyar na 2023. Kayes ta Mali 48.5 ran 3 ga watan huɗu 2024, cikin azumi, kuma duk wanda ya yi azumin nan a Kusiri ko Marwa ko Njamena ba sai an ba shi labari ba, dare ma bango na huci kamar tanda, ga wuta ana ɗaukewa, ƙanƙara ta koma kamar zinariya, tsofaffi da yawa a makon nan muka kai su makwanci. Na duniya da aka yarda da shi 56.7 ne, a wani kwari a Amurka da ake kira Death Valley, 1913, shekarar da Kakalaba ta fara. Da can ana cewa Aziziya ta Libiya ce da 58 a 1922, sai a 2012 masana suka sake bincike suka soke shi saboda awon bai inganta ba. Ni a jikina zafin rana tun da can akwai shi, watan uku da na huɗu ba su taɓa yi mana sauƙi ba, abin da ban saba da shi ba shi ne daren da ba ya hucewa, da muna yara ƙarfe biyun dare sai ka ja mayafi a tsakar gida ko a bazara.

Gidan na sake gina shi, wannan karon da bulon siminti, na ɗaga dandamalinsa ya kai ƙugu, don ba ni da halin komawa tudu. Ɗaki ɗayan da ya tsira har yanzu da zanen ruwa a bangonsa, layin 2022 a ƙasa na 2024 a samansa da kamar tafin hannu, yara sun so su shafe da fenti na hana. Daga watan tara kuma duk bayan kwana biyu ina kiran wani abokin cinikina a Bongor in tambaye shi ina ruwa ya kawo a wajensu, don abin da ya wuce ta gabansa yana tafe wurinmu. In akwai ɗan Yagwa ko Maga a gidan nan da ya ga 2012 da idonsa dan Allah ya ƙara mana, ni ta bakin ƙanwata da rediyo na ji wancan.