Makarantar da za ta zama mafaka ranar ambaliya: ƙasa ko siminti?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu a ƙasar Katagum, kusa da Kogin Jama'are. Ambaliyar 2024 ta rushe mana ajujuwan da ake karatun manya da koya wa mata ɗinki. Mun yi karo-karo za mu sake gini, muna kuma son ya zama wurin fakewa in ruwa ya dawo. Dattawa sun ce a yi na ƙasa, matasa sun ce bulo da siminti. Wanne za mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya mayar da alheri. Ku ɗan ajiye gardamar bango tukuna, don yawanci ba daga bango gini ke fara mutuwa ba. Ruwa ne ke kwanta masa a gindi, ko iskar farkon damina ta yaye kwano, sannan bangon ya bi. A nan kuɗinku ya kamata su fara tafiya.

Ku ɗauki dattawan nan ku zaga gari, su nuna muku inda ruwa ya tsaya a jikin itatuwa da katangu. Shatin yana nan, bai goge ba. Ku nemi tudun da ruwa bai taɓa hawa ba, ko da ya ɗan yi nisa da kasuwa. In babu, a cike fili da marmara, a daddaɓe ta hawa-hawa, daɓen aji ya ɗara shatin ambaliya da aƙalla rabin mita. Tushe kuwa ba a yi masa rowa: dutse ko kankare, a shimfiɗa ledar hana danshi a kansa, a ja lambatu ya zagaye ginin. Gefen matakala a yi gangara saboda tsofaffi da masu keken guragu.

To, bangon. Dattawanku suna da gaskiya. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, aikin shahararren maginin nan Babban Gwani, ya haura shekara 150 a tsaye, kuma ƙasa ce da azara. Wanda ya shiga soro da tsakar rana a watan Afrilu ya san bambancinsa da ajin bulo mai kwano, inda yara ke gyangyaɗi tun kafin azahar. Matasan ma ba su yi ƙarya ba, domin tubali ba ya jure kwanan ruwa, ga yaɓe duk shekara. Ni abin da nake ba da shawara shi ne bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, a zuba masa siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Da irinsa aka gina cibiyar Hikma a Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka gama a 2018, inda tsohon masallacin garin ya koma laburare. Layukan ƙasa-ƙasa dai a yi su da dutse ko bulon siminti.

Sai dai ba kowace ƙasa ke yi ba, kuma yankinku rairayi ya yi yawa a wurare. Ku cika kwalba da ƙasa zuwa rabi, ku ƙara ruwa, ku girgiza, ku bar ta ta kwana. Yashi zai zauna a ƙasa, laka ta hau sama. In yashin ya kai kamar kashi biyu cikin uku, sauran laka, kun dace. Baƙar lakar fadama mai darewa da rani, ku bar wa masu tukwane. Bayan an buga bulon a rufe shi a inuwa, ana yayyafa masa ruwa, sai ya yi mako huɗu kafin birkila ya taɓa shi. Gaggawa a nan ita ke jawo a ce ƙasa ba ta da ƙarko.

Ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa suna fuskantar juna. Bangon gabas shi ke shan dukan hadari, magina na dā sun san haka, don haka a yi masa filasta mai kyau. Kwano ya zarce bango da mita ɗaya, a bar sarari tsakaninsa da silin iska na ratsawa, a ɗaure katakon rufi da rodi cikin kankaren da ya zagaye saman bango. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe rufi. Darbejiya a dasa ta yamma, nesa kaɗan da tushe.

Batun mafaka, kada ku ruɗi kanku da girman zaure. Masu aikin agaji suna lissafa murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum, da lita 15 na ruwa a rana, da banɗaki ɗaya ga mutum 20. Ke nan zaure mai murabba'in mita 100 bai kai ya kwanar da mutum 30 cikin mutunci ba. Ku yi baranda mai faɗi, da ɓangaren mata mai ƙofarsa da banɗakinsa daban, in ba haka ba magidanta ba za su kawo iyalansu ba. Banɗakin a ɗaga shi, ya nisanci rijiya da mita 30, don kwalara ke bin bayan ambaliya. Rufin ma rijiya ne: murabba'in mita 200, ko ruwan milimita 600 kawai aka yi a shekara, lita 120,000 ke sauka a kansa. Indararo da tanki za su tare muku kaso mai tsoka. Ƙaramar sola ta isa fitila da cajin waya, batir a ɗora shi sama tare da kekunan ɗinki da rajista.

In kuɗin ba su kai ba, ku yi aji biyu da banɗaki bana, a bar rodi ya fito don ƙari. Samarin garin su yi aikin tare da birkilan, saboda gyaran gobe, kuma a ware wani abu daga kuɗin ɗinki don share lambatu kowane watan Mayu. Kafin a haƙa tushe, ku kai zanen da samfurin ƙasar ga injiniya mai rajista ya duba.