Kwantar da faifan ajiya da ke cikin LVM

Malam, kana tambaya ko za ka iya tsayar da juyawar faifan da ka haɗa a LVM (tsarin Linux mai haɗa faifai da yawa su zama ma'aji ɗaya) don rage cin wuta. Za ka iya. Umarnin `hdparm -S 242 /dev/sdb` (sa sunan faifanka a madadin `/dev/sdb`) zai kwantar da shi bayan awa 1 babu aiki, kuma da an nemi fayil zai farka da kansa. Kar ka sa minti 5, yawan kwanciya da tashi na gajiyar da injinsa.

Amma in zare shi za ka yi, sai ka fara `umount` don sauke ma'ajin daga amfani, sannan `vgchange -an` don dakatar da rukunin faifan na LVM. Fayil guda kan iya rabuwa a faifai biyu, cire ɗaya ana aiki asara ce babba. In `smartctl`, umarnin duba lafiyar faifai, ya nuna lalatattun sassa, kwafe bayananka tukuna, ka kai wa masani.