Kun Tambaya: Shirin Joj Washinton da Gardamar da Ya Tayar a Maraɗi

Tun da wata tashar waje ta nuna shirin tarihin Joj Washinton, shugaban Amurka na farko, da fassarar Faransanci, saƙonni suke ta shigo mana daga cikin Maraɗi da kewaye. Wasu yabo, wasu fushi, mafi yawa kuma neman a raba musu gardama. Mun tsamo shida, mun miƙa su ga wani malamin tarihi da wani mai haɗa shirye-shiryen talabijin, su biyun ne suka haɗa kai suka ba da amsa.

Tambaya, daga wani matashi a unguwar Ali Ɗan Sofo: Malam, a fadarmu shayi har ya huce saboda gardama. Abokina ya ce hotunan yaƙin na gaske ne, launi kawai aka sa musu. Ni na ce wasa ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Kai ke da ita, samari. Washinton ya rasu ranar 14 ga Disamba 1799, ita kuwa dabarar ɗaukar hoto sai a 1839 aka fito da ita ga jama'a a Faransa. Na'urar da ke naɗar murya ta maimaita ta, sai 1877. Saboda haka duk abin da ya motsa ko ya yi magana a shirin nan, ɗan wasa ne.

Irin wannan shiri abu uku ake cakuɗawa, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai takarda: wasiƙa, littafin lissafin gona, wasiyya. Idan ka ji murya tana karanta magana kuma an rubuta rana da shekara a ƙasan allo, galibi daga takarda aka ciro ta, ana iya bin sawunta. Akwai masanin da ke zaune yana bayani. Nasa fahimta ce, wani masanin na iya saɓa masa. Sai ƴan wasa. Hirar da suke yi cikin tanti ko a kan doki, marubucin shirin ne ya tsara ta, kada ka ɗauke ta ka ce Washinton ya faɗa. Inda mai kallo ke zamewa shi ne wurin haɗi: ana ɗora muryar wasiƙar gaske a kan fuskar ɗan wasa, kiɗa na tashi a ƙasa, sai kai ya haɗiye su duka a matsayin abu guda.

Zanen ma a yi hattara da shi. Ka tuna wanda aka nuna yana tsaye cikin ɗan jirgin ruwa da tuta a bayansa, yana ƙetare kogin Delaware? Emanuel Leutze ya zana shi a Jamus a 1851, shekara 75 bayan faruwar abin. An ƙetare kogin ne lokacin yaƙin neman ƴanci daga Ingila, cikin dare, 25 ga Disamba 1776, ana ruwa da ƙanƙara, da soja kimanin 2,400 da igwa 18. Manyan jiragen dako aka yi amfani da su, masu tsawon mita 12 zuwa 18, dawaki da igwogi kuma a kan jiragen fito masu faɗi. Tutar da ke zanen ba a amince da ita ba sai Yuni 1777. Nasarar dai gaskiya ce: da safe suka faɗa wa garin Trenton, suka kama sojan haya Jamusawa na Ingila kusan 900. Wanda ke son kamannin fuskarsa na haƙiƙa ya nemi aikin Houdon, Bafaranshen da ya shafa masa farar ƙasa a fuska a 1785 ya ɗauki siffarta.

Tambaya, daga wani mushen lakwal a Tibiri: Na daɗe ina ba ɗalibaina labarin yadda ya sare itacen babansa yana yaro ya ce ba zai iya ƙarya ba, da kuma cewa haƙoransa na katako ne. Shirin ya ƙaryata duka biyun. In daina?

Amsa: Ka daina ba da su a matsayin tarihi, Mushe. Labarin itacen wani mai wa'azi kuma mai sayar da littattafai, Mason Weems, ya shigar da shi cikin littafinsa a bugun 1806, bayan mutuwar mutumin da shekara bakwai. Ba a same shi a wata takarda ta zamanin yarintarsa ba. In kana son sa don tarbiyya, ka ce wa yara tatsuniya ce; ai ba a rasa darasi a tatsuniyar gizo don an san gizo bai yi magana ba.

Haƙoran kuwa, ciwonsu gaskiya ne: ranar da aka rantsar da shi, 30 ga Afrilu 1789, haƙori ɗaya ya rage masa. Amma ba katako a cikin na robon da ya sa. An yi su da haure, har da na dorinar ruwa, da haƙoran shanu da dawaki da na mutane, a kan gindin dalma, da wayar tagulla da ƴan ƙarafan da ke tura sama da ƙasa. Haure idan ya daɗe yana shan abinci da abin sha yakan yi duhu ya tsattsage kamar itace, mai yiwuwa daga nan zancen ya samo. Abin da ya fi cancantar aji shi ne wannan: a littafin lissafin gidansa na Mayu 1784 an rubuta cewa an biya sule 122 ga wasu baƙaƙen fata kan haƙori tara.

Tambaya, daga wata Hajiya a Sabon Gari: Raina ya ɓaci. Awa nawa ana kiransa uban ƴanci, maganar bayinsa kuwa ƴan mintuna, kuma mai fassara yana ta ce musu masu aikin gida. Da gaske ya ƴanta su, ko wanke shi ake yi?

Amsa: Hajiya, ɓacin ranki yana kan hanya, kuma kunnenki ya kama wani abu mai muhimmanci. Masu gonakin Birjiniya, jiharsu Washinton, da kansu sukan rubuta kalmar da ke nufin bara ko mai hidima alhali bawa suke nufi, mai fassara kuma in bai lura ba sai ya bi su. Bara yana iya ɗaukar tabarmarsa ya tafi. Waɗannan ana sayar da su, ana gadonsu.

Ga lissafin. Yana ɗan shekara 11 mahaifinsa ya rasu a 1743, ya gaji bayi 10. A 1799, da hannunsa ya jera sunayen bayin gandunsa na Mount Vernon: mutum 317. Daga ciki 123 ne mallakarsa. 153 na dukiyar mijin matarsa Marta na farko ne, ba shi da ikon ƴanta su a doka. Sauran hayarsu ya yi, kusan duka daga wata maƙwabciya. Aiki daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kwana shida a mako. Abincin babba a yini kusan lita ɗaya na garin masara da ɗan kifi mai gishiri.

Wasiyyarsa ta ce a ƴanta 123 ɗin bayan rasuwar Marta, a kula da tsofaffi da marasa lafiya, a koya wa marayu karatu da sana'a. Mutum ɗaya, William Lee, wanda ya bi shi duk tsawon yaƙi, shi aka ƴanta nan take. Marta ba ta jira mutuwarta ba, ta sake su ranar 1 ga Janairu 1801. To sai dai bayin ɓangarorin biyu sun riga sun yi auratayya. Da Marta ta rasu a 1802 aka raba na wancan ɓangaren ga jikokinta huɗu: miji ɗa, mata baiwa a wani gari, ƴaƴa kuma suna bin uwa.

Abin da shiri mai adalci bai kamata ya tsallake ba shi ne abin da ya yi yana raye. Tun 1782 dokar Birjiniya ta ba mai bawa damar ƴanta shi, bai yi ba. Lokacin da fadar gwamnati take Filadelfiya, dokar jihar ta 1780 ta ce bawan da baƙo ya zauna da shi wata shida cur ya zama ɗa. Sai aka riƙa fitar da bayin gidansa daga jihar kafin wa'adin ya cika, a dawo da su a sake sabon ƙidaya. A 1793 ya sa hannu kan dokar kamo bayin da suka gudu. A Mayu 1796 wata budurwa mai yi wa Marta hidima, Ona Judge, ta ji za a bayar da ita kyautar aure ga wata jika, ta sulale ta hau jirgin ruwa zuwa jihar New Hampshire. An sa cigiya a jarida da ladan dala goma na Amurka. Sau biyu ya tura a dawo da ita, a 1796 da 1799, ta ƙi. A can ta rasu a 1848.

Gaskiya ne a wasiƙunsa, kamar wata ta 1786, ya rubuta cewa yana son a soke bauta ta hanyar doka, sannu a hankali. Bai fito ya faɗi haka a bainar jama'a ba. A ganinmu wasiyyar abin lura ce, don shugabannin Birjiniya da suka biyo bayansa ba su yi irinta ba, amma ba ta share shekara 56 da ya yi yana mallakar mutane. Wani abu kuma da zai taɓa zuciyarki: a jerin sunayen gandun na 1774 akwai mace mai suna Fatimer da wata ƙaramar Fatimer, masana da dama na ganin Fatima ce aka rubuta haka, alamar akwai Musulmin Afirka ta Yamma a cikinsu.

Tambaya, daga wani dattijo a Madarumfa: Doka ce ta hana shi tazarce, ko shi ya ga dama?

Amsa: Ba doka, Baba. Tsarin mulkinsu na lokacin bai ƙayyade wa'adi ba. Sai a 1951 aka sa iyakar biyu, bayan Franklin Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu. Washinton sau biyu ya ajiye iko da ƙashin kansa. Na farko ya fi nauyi: 23 ga Disamba 1783, bayan an gama yaƙi da Ingila, soja na hannunsa, majalisa ba ta da ƙarfi kuma ta kasa biyan albashi, ya je garin Annapolis inda majalisar ke zama ya miƙa takardar shugabancin soja ya koma gona. Na biyu ya sauka a Maris 1797 yana da shekara 65. Shirin ya nuna kamar tsantsar kishin ƙasa ne. Akwai shi, akwai kuma gajiya da zafin sukar jaridu, tun 1792 ma ya so tafiya aka lallashe shi. Wannan bai rage darajar abin ba ko kaɗan, don masu gajiya da yawa ne suka ƙi sauka. A kuma sani cewa zaɓen da ya ci ba hamayya na wakilan jihohi ne, 69 a karon farko, 132 a na biyu, masu ƙuri'a kuma kusan duka fararen fata ne maza masu dukiya.

Tambaya, daga wata ma'aikaciyar asibiti a unguwar Zariya: An nuna likitoci suna zubar masa da jini. Irin ƙahon wanzamai ne? Shi ya kashe shi?

Amsa: Ba ƙaho ba ne, Malama. Ƙaho tsaga ce a fata, jinin kaɗan. Su jijiyar hannu suke yanka jini ya zuba a kwano. Ranar 12 ga Disamba ya yini kan doki cikin ƙanƙara, ya ci abinci da jiƙaƙƙun kaya. Washegari maƙogwaro ya kama. Kafin asubar ranar 14 numfashi ya soma gagara. Shi ya nemi a fara zubar da jinin kafin likita ya iso. Sau huɗu aka yi a yini ɗaya, jimla sama da lita biyu. Kin san leda ɗaya ta mai ba da jini ba ta kai rabin lita ba, kin ga ya yi asarar wajen leda biyar. Likitocin yau sun fi karkata ga cewa murfin maƙogwaro ne ya kumbura ya toshe hanyar iska. Ƙaramin cikin likitocin uku, Elisha Dick, ya ba da shawarar a huda maƙoshi a buɗe hanyar numfashi, manyan suka ƙi don aikin sabo ne a lokacin. Kumburin ne ya shaƙe shi, zubar jinin ya ƙwace ƙarfin da zai yi fama da shi.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Bagalam: Wa ke mulki a ƙasarmu a zamaninsa, kuma me zai hana mu yi wa namu irin wannan shiri?

Amsa: Lokacin da Washinton da sojan Faransa suka ci Ingilishi a Yorktown a 1781, Bawa Jangwarzo na kan gadon Gobir a Alƙalawa, Shehu Usman Ɗan Fodiyo, haihuwar 1754, yana yawon wa'azi. Sarautar Katsina ba ta dawo Maraɗi ba sai bayan jihadin 1804.

Ba abin da zai hana, ɗana, sai dai kayan aikinmu daban: shi wasiƙu dubbai ya bari, mu muna da kirari, waƙoƙin makaɗan fada, bakin dattawa, da rubuce-rubucen ajami da Larabci irin waɗanda ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai. Fara da murya kafin hoto. Kowane dattijo ka naɗa, ya faɗi sunansa da garinsu da wanda ya ji labarin daga bakinsa, kai kuma ka rubuta ranar. Ka ji shi shi kaɗai, don in an taru, ƙarami ba ya gyara wa babba. Idan ruwayar Tibiri ta saɓa da ta Sakkwato, sa su duka biyu, ka faɗi ta wane ce. Makirufo ya kasance kamar taƙi ɗaya daga baki, a cikin soro, nesa da iska da ƙarar kabu-kabu. Wajen wasan kuwa, duba bayan ɗan wasa kafin ka danna: rufin kwano, wayar lantarki, agogon hannu, takalmin roba da shaddar kanti duk ba su da wuri a fadar Bawa. Duk inda ƴan wasa suka fito, a rubuta "kwaikwayo" a kusurwar allo har fitar ta ƙare.